DANAI GURIRA: MATAR DA MUKA SANI DA MASHI, MUKA MANTA DA ALƘALAMINTA

Rubutun yau da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Jiya da daddare na tarar da ƙanwata ta ƙura wa waya ido tana kallon Black Panther, karo na nawa ma oho. Da aka nuno shugabar dogaran sarki, matar nan mai aski ƙwal da mashi a hannu, sai ta ce, "Yaya, wallahi matar nan ko namiji sai ya shirya." Na ce ko kin san marubuciya ce? Ta yi dariya, ta ɗauka zolaya nake. Ni ma na daɗe ban sani ba, shi ya sa na ce bari in kawo tarihinta, don akwai inda ya taɓo mu kai tsaye.

Sunanta Danai Gurira. An haife ta ranar 14 ga Fabrairun 1978 a wani ƙaramin gari mai suna Grinnell a jihar Iowa ta Amurka. Iyayenta 'yan Zimbabwe ne, mahaifinta malamin kimiyyar sinadarai, mahaifiyarta ma'aikaciyar ɗakin karatu. Zimbabwe ta samu 'yancin kai a 1980, a 1983 kuma iyayen suka tattara suka koma gida, tana 'yar shekara biyar. A Harare ta tashi, a can ta yi sakandare. Sai da ta zama budurwa ta koma Amurka, ta yi digiri kan halayyar ɗan Adam a kwalejin Macalester, sannan ta yi digiri na biyu kan wasan kwaikwayo a Jami'ar New York.

To a nan ne ta ci karo da abin da ya mayar da ita marubuciya. Ta koyi sana'a, amma ina rawar da za ta taka? A dandamalin Amurka na wancan lokaci da wuya ka ga 'yar Afirka a matsayin cikakkiyar mutum mai tunani, mai wayo, mai kuskure. Maimakon ta zauna jiran wani ya rubuta mata, sai ta ɗauki alƙalami. Ita da abokiyar karatunta Nikkole Salter suka rubuta wasan daɓe mai suna In the Continuum, aka fara nuna shi a 2005. Labarin mata biyu ne da suka gano suna ɗauke da cutar ƙanjamau: ɗaya matar aure mai karanta labarai a talabijin a Harare, ɗaya yarinya a Los Angeles. Su biyun nan kaɗai suka taka duk rawar da ke cikin wasan, kuma ya ci lambar yabo ta Obie.

Daga nan ƙofofi suka fara buɗewa. Ta fito a fim ɗin The Visitor a 2007. A 2012 ta shiga shirin talabijin mai dogon zango The Walking Dead a matsayin Michonne, mai takobin nan da ke sarar gawarwaki masu yawo, ta kuma ci gaba da fitowa har 2020. A 2013 ta ja fim ɗin Mother of George na darakta ɗan Najeriya Andrew Dosunmu, inda ta fito a Bayarabiyar amarya a Brooklyn wadda rashin haihuwa da matsin uwar miji suka sa a gaba. Duk wadda ta taɓa jin gorin haihuwa za ta gane fuskar Adenike a fim ɗin nan. Sai Black Panther a 2018, wanda ya tara sama da dala biliyan ɗaya, ya kai sunanta ko'ina.

Duk wannan ɗaukaka ba ta sa ta ajiye rubutu ba. A 2012 ta fitar da The Convert, labarin wata yarinya 'yar ƙabilar Shona a shekarun 1890, wadda ta gudu daga auren dole ta fake a gidan wani mai wa'azin Katolika, aka canza mata suna, sannan boren da mutanen ƙasar suka yi wa Turawan mulkin mallaka ya tilasta mata zaɓen ɓangare.

Amma wasan da ya sa na yi wannan rubutu shi ne Eclipsed.

A 2003, ana tsaka da yaƙin basasar Laberiya na biyu, ta ga hoton wasu mata 'yan tawaye riƙe da bindigogi a jaridar New York Times. Hoton ya tsaya mata a rai. A 2007 ta tafi Laberiya da ƙafarta, ta zauna da matan da yaƙin ya bi ta kansu, waɗanda aka yi wa fyaɗe, waɗanda suka ɗauki bindiga, da waɗanda suka yi fafutukar sulhu. Daga bakinsu ta gina wasan, aka fara nuna shi a 2009.

Labarin yana faruwa ne a sansanin 'yan tawaye. Wani kwamanda ya tara matan da ya kama ya mai da su "matansa". Ba a kiran su da sunayensu, sai dai ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Aka kawo sabuwar yarinya 'yar shekara goma sha biyar wadda ta iya karatu, ta zama ta huɗu. Hanya biyu ce a gabanta: ko ta haƙura ta zauna kamar uwargidan, ko ta bi sahun ta biyu, wadda ta ɗauki bindiga don kada wani namiji ya sake taɓa ta, amma sai ga ta tana kamo wa mayaƙa wasu 'yan matan. Shi kwamandan ko sau ɗaya ba ya fitowa a dandamali. Sai dai ka ga matan sun miƙe tsaye sun yi layi, ka san ya zo zaɓen wadda zai kira. Akwai kuma wata mai aikin sulhu da ke shigowa sansanin, abin da take ta nema shi ne kowace ta tuna sunan da iyayenta suka raɗa mata.

Yaƙin nan ba baƙonmu ba ne. Sojojin Najeriya sun zubar da jini a Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, kuma a watan Agustan 2003 Calabar aka kawo Charles Taylor gudun hijira. Matan Laberiya, Musulmi da Kirista, sanye da fararen kaya, su suka matsa lamba har aka zauna sulhu a Accra, kuma jagorarsu Leymah Gbowee ta samu kyautar Nobel a 2011.

A 2016 wasan ya hau dandamalin Broadway, inda Lupita Nyong'o ta fito a yarinyar. Shi ne karon farko da aka yi wasa a can wanda marubuciya, darakta da dukkan 'yan wasan mata ne baƙar fata. Ya shiga takarar lambar Tony a rukuni biyar. To ga inda abin ya zo gidanmu: a lokacin shekara biyu ke nan da sace 'yan matan Chibok 276, sai masu wasan suka riƙa sadaukar da shi gare su, bayan an tashi a kira sunayen wasu daga cikin yaran a gaban 'yan kallo. Wasan da ya ginu kan matan da aka ƙwace wa suna, ya ƙare da kiran sunan 'ya'yanmu a New York.

Ranar da na fara sanin wannan, kunya ta kama ni. Na tambayi kaina, sunan yarinya nawa na riƙe daga Chibok? Daga Dapchi a 2018 fa? Jangebe a 2021? Adadi muke riƙewa. A ce an sace kaza, an sako kaza, mu yi Allah wadai kwana uku a Facebook, mu wuce. Wadda ta dawo da goyo, wadda mijinta ya ƙi karɓa, wadda 'yan unguwa ke nunawa da baki, wa ya je ya zauna ya saurare ta?

Na san za a ce ai ita a Amurka take, akwai kuɗi, akwai 'yanci, ba ta da hukumar tace finafinai a kanta, kuma ba wanda zai biyo ta gida. Gaskiya ne, ban raina wannan ba. Amma lokacin da ta tafi Laberiya ba ta yi sunan da take da shi yanzu ba, kuma wasan 'yan wasa biyar kacal yake buƙata. Mu kuwa ba marubuta muka rasa ba. Tun shekarun 1980 Balaraba Ramat Yakubu ke rubuta halin da matan Hausa ke ciki ba tare da ɓoye-ɓoye ba, kuma yau mata ne kan gaba a rubutun labaran Hausa, a takarda da a waya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai zuwa sansanin 'yan gudun hijira da littafi da biro, da izinin masu labarin, da kiyaye sirrinsu. Da kuma furodusan da zai zuba kuɗi a irin wannan labari, da mu 'yan kallo da za mu saya.

Ita dai ba ta tsaya ba. Tana cikin waɗanda suka kafa Almasi, ƙungiyar da ke horar da matasan marubuta da 'yan wasa a Zimbabwe. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiyar hukumarta ta mata. A 2024 ta koma rawar Michonne a The Ones Who Live, ta kuma rubuta kashi ɗaya na shirin da hannunta.

Ƙanwata ta ce in nemo mata littafin Eclipsed, na kuma yi mata alkawari. Ku kuma marubutanmu da ke nan, musamman mata, ina son jin ta bakinku: me ke hana ku taɓa irin wannan labari, tsoro ne ko rashin mai saye? Idan kuma akwai wanda ya riga ya rubuta ban sani ba, a faɗa mini sunan littafin in nema.

Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya ba iyayensu haƙuri. Amin.