Zinariyar Bibemi da Namun Dajin Binuwai

Tun 1932 Faransawa suka keɓe dajin Binuwai, a 1968 kuma ya zama gandun ƙasa, shi da Buba Njida. Amma doka a takarda ba ta tsare karkanda ba: binciken 2006 ko ɗaya bai gani ba. A 2012 mafarauta suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida.

Yau kuwa haƙar zinariya ce, daga Bibemi har Mayo Rey. Ramuka a buɗe, ruwa ya gurɓace, dorina na rasa matsuguni. To makiyayi, ramin da ya karya ɓauna ai shi zai karya saniyarka. Wanda ya haƙa ya cike, a bar mashaya da burtali lafiya.