Lesitin: Yadda na'urar NMR ke tantance abin da ke cikinsa

Lesitin wani sinadari ne mai maiƙo da masana'antun abinci ke amfani da shi domin haɗa ruwa da mai su zauna tare ba tare da sun rabu ba. Ana samun sa a cakulan, bota, biskit da madarar gari, kuma a jikin kwali akan rubuta shi da lambar E322. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa, Theodore Gobley, shi ne ya fara ciro shi daga gwaiduwar ƙwai, ya kuma raɗa masa suna a shekarar 1850 daga kalmar Girkanci mai nufin gwaiduwa. A yau akasarinsa daga waken soya ake samunsa, lokacin da ake tace ɗanyen man da ruwa domin cire danƙonsa.

Abin da ya ƙunsa

Lesitin gauraye ne na sinadarai da ake kira fosfolifid, haɗe da ragowar mai. Manyansu huɗu ne, waɗanda ake taƙaitawa da PC, PE, PI da PA. Kowannensu yana da kai mai son ruwa da jela mai son mai, amma aikinsu ya bambanta. PC ya fi iya riƙe ɗigon mai a cikin ruwa, shi ya sa aka fi neman sa wajen haɗa magunguna, kuma ya fi yawa a lesitin ɗin ƙwai fiye da na soya.

Gwajin da aka saba yi a kasuwanci shi ne auna ɓangaren da ba ya narkewa a sinadarin asiton, wanda ƙa'idar Tarayyar Turai ta ce kada ya gaza kashi 60 cikin 100. Sai dai wannan adadi ya haɗa har da wasu sinadaran dangin sukari. Saboda haka ganga biyu na iya cika ƙa'idar, amma su bambanta a aiki da daraja.

Yadda gwajin yake

Felix Bloch da Edward Purcell ne suka bayyana fasahar NMR a 1946, suka kuma samu kyautar Nobel a 1952. A kan wannan tushe aka gina na'urar hoton MRI ta asibiti.

Ana narkar da ɗan lesitin a cikin kulorofom da metanol, a ƙara wani sinadari da ke kame ƙarafa irin su kalsiyam domin kada su dagula sakamako. Sannan a zuba wani sinadari mai ɗauke da fosforas wanda aka san nauyinsa daidai, ya zama ma'auni. Daga nan sai a saka kwalbar cikin maganaɗisu mai ƙarfi, a aika mata da igiyar rediyo.

Kowanne daga cikin waɗannan fosfolifid huɗu yana ɗauke da ƙwayar fosforas guda ɗaya, wadda ke amsawa gwargwadon abin da ke kewaye da ita. Don haka kowane nau'i yana fitowa a gurbinsa a jadawalin, kuma girman alamarsa yana nuna yawansa idan aka gwada da ma'aunin.

Amfaninsa da iyakarsa

Gwaji guda yana bayyana dukkan nau'o'in, har da waɗanda suka fara wargajewa saboda daɗewa ko danshi. Matsalarsa ita ce tsadar na'urar da buƙatar ƙwararru, shi ya sa 'yan kasuwa kan aika samfuri zuwa manyan ɗakunan gwaji. Ga mai shigo da lesitin, takardar da ta nuna kason PC, PE da PI ta fi wadda ta tsaya kan gwajin asiton bayyana ingancin kayan.