Faifan da ya ɓoye murya huɗu cikin biyu: tarihin sautin kusurwa huɗu

Yau tarihinmu ya shafi masu son sauraro, musamman dattawan da suka ga zamanin faifan garmaho da samarin da ke gyaran sauti a kwamfuta.

A farkon shekarun 1970 kamfunan faifai na Amurka da Japan suka ce lasifika biyu sun yi kaɗan. Suna son huɗu: biyu gaba, biyu baya, mai sauraro a tsakiya kamar yana cikin makaɗa. Matsalar ita ce ramin da allura ke bi a jikin faifai gefe biyu gare shi, ɗaya na hagu ɗaya na dama. To ina za a sa sauran biyun?

Wani Ba'amurke mai suna Peter Scheiber ya fito da dabara a 1969: a cusa murya huɗu cikin biyu ta hanyar lissafi, a warware su a gida. Kamfanin CBS ya fitar da tsarinsa mai suna SQ a 1971, ƙarƙashin injiniya Benjamin Bauer. Sansui na Japan ya zo da QS. JVC kuma ya bi wata hanya da CD-4, inda ake ɗora ƙarin sautin a kan siginar da ta kai kilohaz 30, wadda kunne ba ya ji, kuma sai da allura ta musamman.

Yadda SQ ke aiki shi ne abin sha'awa. Sauti igiya ce mai hawa da sauka. Muryoyin gaba ana barinsu yadda suke, hagu a hagu, dama a dama. Na baya kuwa sai a rage ƙarfinsu zuwa 0.707, a zuba kowanne cikin layukan biyu, amma a karkata zangon igiyar ɗaya da digiri 90, wato rubu'in zagaye. Wannan karkatar ita ce alamar da ke cewa "ni na baya ne". Wanda ke da lasifika biyu zai ji faifan lafiya lau. Wanda ke da akwatin warwarewa zai ji huɗu.

Manyan mawaƙa sun shiga. Faifan Pink Floyd na 1973, The Dark Side of the Moon, ya fito a SQ, haka Abraxas na Santana. Amma kasuwar ba ta yi tsawon rai ba. Akwatunan farko masu arha bambancin da suke bayarwa tsakanin gaba da baya desibel 3 ne kacal, sauti ya cakuɗe, mutum ya kashe kuɗi bai ji abin da aka yi masa alkawari ba. Ga kuma rigimar kamfunan: akwatin SQ ba ya warware QS daidai, CD-4 kuma nasa daban. Kafin akwatuna masu kyau irin na Tate su iso a ƙarshen shekarun 1970, masu saye sun watse. Dabarar dai ta samu mafaka a silima: Dolby Stereo ya yi aiki da irin wannan lissafi a fim ɗin Star Wars na 1977, daga baya ya shiga gidaje, Pro Logic kuma ya zo a 1987.

Su kuwa faifan suna nan, da muryoyin huɗu kwance a ciki. Da kwamfuta ta zo, masu sha'awa suka gane cewa aikin akwatin lissafi ne kawai. Da manhaja irin Adobe Audition, sai a ɗauki faifan cikin layi biyu, a yi kwafin kowane layi, a karkata shi da digiri 90, a haɗa hagu da dama bisa ma'aunin 0.707 da alamar da tsarin ya tanada. Nan muryoyin baya ke fitowa, a ajiye su fayil mai layi huɗu. Sharaɗin farko shi ne a san tsarin faifan, SQ ne ko QS, galibi an rubuta a bangonsa.

Kun ga inda darasin yake. Duk sirrin yana cikin ɗan bambancin da ke tsakanin hagu da dama. In mai kwafi ya haɗe layukan biyu suka zama ɗaya, shi ke nan, an rasa shi har abada. In ya matse fayil ɗin sosai don ya yi sauƙin turawa, alamar na iya lalacewa. Kuma manhaja ba ta ƙago abin da ba a sa ba: kaset da aka ɗauka da makirfo ɗaya ba zai haifi murya huɗu ta gaskiya ba, ko me mai talla ya faɗa.

Don haka ƴan uwa masu juyar da tsofaffin faifai da kaset zuwa katin waya a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ku fara ajiye kwafi na asali, layi biyu, a WAV ko FLAC, sannan ku yi na WhatsApp. Waɗanda suka buga faifan 1973 ba su san kwamfutar yau ba, amma wanda ya adana nasa da kyau shi ke jin huɗun yanzu.

Allah ya sa mu dace. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.