Daga Malaman Hadisi zuwa Tsinken Ashana: Tarihin Binciken Gigin Tsufa

Duk wanda ya tashi a babban gida a Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, inda kaka da jika suke cin tuwo a tsakar gida ɗaya, da wuya ya rasa taɓa ganin dattijon da, bayan ya shafe rayuwarsa ana zuwa wurinsa neman fatawa a kan iyakar gona da rabon gado da nasabar dangi, sai a wayi gari yana tambayar ko an yi Azahar alhali yanzu ya sallame ta, yana kiran jikarsa da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun yana saurayi, ko kuwa ya ɗauki sandarsa da tsakar dare ya ce shi gida za shi, alhali a ɗakin da ya gina da hannunsa yake zaune. Mutanenmu sukan ce gigin tsufa ne, su yi haƙuri, su sa yaro ya riƙa binsa a baya. In kuwa tsohuwa ce marar gata, wani lokaci sai a jingina mata maita, wanda wannan zalunci ne tsantsa, babu hujjar shari'a a bayansa balle ta likita. Abin da masu tahƙiƙi suka tabbatar shi ne, wannan hali illa ce da ke kama ƙwaƙwalwa, tana da sababi, tana da alamomi, kuma mafi yawan tsofaffi sukan cika ajalinsu da hankalinsu garau ba ta shafe su ba.

Tun kafin likitocin Turai su waiwayi mas'alar, malaman Hadisi sun riga sun tsaya a kanta tsayuwa ta haƙiƙa, domin su larura ce ta tilasta musu. Mai ruwaya yana iya zama adili, amintacce, mai ƙarfin hadda shekaru masu yawa, sa'an nan a ƙarshen rayuwarsa ya fara cakuɗa isnadi da isnadi. Wannan shi suke kira ihtilaɗi. Ba su zubar da ruwayar mutumin gaba ɗaya ba, ba su kuma karɓe ta gaba ɗaya ba, sai suka ɗora wa kansu aiki mai wuya, watau gano lokacin da canjin ya fara, da tantance wa ya ji daga gare shi kafin lokacin, wa ya ji bayansa. Da haka ne suka karɓi abin da Shu'uba da Sufyanus Sauri suka ji daga Aɗa'u ɗan Sa'ib na Kufa, domin sun riske shi da sauran ƙarfinsa, suka yi taka-tsantsan da abin da na baya suka ji. Jariru ɗan Hazim na Basra kuwa, wanda ya rasu a shekara ta 170 bayan Hijira, da 'ya'yansa suka ga alamar canji gare shi sai suka killace shi daga masu neman ruwaya, suka kare mutuncinsa, suka kare ilmin da ya ɗauka. Ibnus Salah, wanda ya rasu a Dimashƙa a 643, ya ware wa irin waɗannan malamai babi guda a cikin Muƙaddimarsa. Abin lura a nan, hujjar da suka dogara a kanta ita ce shaidar waɗanda suka san mutumin a da, suka kuma gan shi daga baya. Fuƙaha'u ma a nasu fagen sun yi hukunci cewa wanda hankalinsa ya gushe taklifi ya faɗi daga kansa, kuma waliyyi ne ke tsare masa dukiya.

Ɗabibai irin su Ibn Sina sun danganta lalacewar tunawa ga sanyi da danshi ko bushewa da ke rinjayar ƙwaƙwalwa, a bisa ilmin ɗabi'o'i huɗu na zamaninsu, aka daɗe a kan haka. Sai a watan Nuwamba na 1901 aka kai wata mace mai suna Auguste Deter, mai shekara 51, asibitin masu taɓin hankali na Farankfot a Jamus, tana mantuwa, tana zargin mijinta, tana kasa rubuta sunanta har ƙarshe. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, bai daina bin labarinta ba ko bayan da ya koma Munik, har ta rasu a watan Afrilu na 1906, aka aika masa da ƙwaƙwalwarta, ya yanka ta siriri-siriri ya rina ya duba a madubin likita. Abu biyu ya gani: dunƙule-dunƙulen wani abu da ya taru a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Ya bayyana wa taron likitoci a Tubingen a watan Nuwamba na wannan shekara, ba wanda ya kula sosai, sai a 1910 maigidansa Emil Kraepelin ya sa wa cutar sunansa.

Ko bayan haka an yi fiye da shekara 50 ana ɗaukarta baƙuwar cuta ta masu matsakaicin shekaru, ana barin ruɗewar tsofaffi a matsayin tsufa kawai. Waɗanda suka warware wannan su ne Blessed da Tomlinson da Roth a birnin Niyukasil na Ingila, waɗanda a 1968 suka nuna cewa gwargwadon ruɗewar tsoho kafin rasuwarsa, gwargwadon yawan waɗancan dunƙule-dunƙule a ƙwaƙwalwarsa. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1976 aka gano ƙarancin wani sinadari da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, asetilkolin. A 1984 Glenner da Wong suka tantance sinadarin amiloyid da ke yin dunƙulen. A 1993 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka nuna cewa wani nau'i na ƙwayar halittar gado, APOE4, yana ƙara haɗarin kamuwa.

A nan ne Nijeriya ta shiga tarihin, kuma shiga ta girma. A 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan, tare da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana, suka fara wani bincike da ya ɗauki kusan shekara 20, suna kwatanta Yarbawa tsofaffi na unguwar Idikan a Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis, da ma'auni ɗaya da tambayoyi iri ɗaya. Sakamakon farko da ya fito a 1995, shekarar da Osuntokun ya rasu, ya nuna kashi 2.29 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama a Ibadan ne suke da gigin tsufa, alhali a Indiyanafolis kashi 8.24 ne. A 2001 suka ƙara da cewa sababbin masu kamuwa a kowace shekara kashi 1.35 ne a Ibadan, kashi 3.24 a can. Wani abin mamaki, APOE4 ɗin nan da ake tsoro a Turai da Amurka tasirinsa ya yi rauni ƙwarai a cikin Yarbawa. Almajiran Osuntokun da abokan aikinsa, Adesola Ogunniyi da Olusegun Baiyewu da Oye Gureje, suka ci gaba da aikin, suka karkata ga cewa ƙarancin hawan jini da ciwon suga da kitsen cikin jini a tsakanin tsofaffin Ibadan na wancan lokaci yana cikin dalilan bambancin. Wannan ya nuna wa duniya cewa gado kaɗai ba ya yanke hukunci, abinci da yanayin zama suna da nasu kaso.

Amma abin da ya fi burge ni a aikin nasu shi ne yadda suka auna hankalin mutumin da bai taɓa shiga ajin boko ba. Gwaje-gwajen Turai suna sa tsoho ya riƙe fensir ya zana siffa, ko ya jero haruffan kalma daga baya, sai mai cikakken hankali ya faɗi jarrabawar don kawai ba hanyarsa ba ce. Saboda haka suka yi amfani da ma'auni mai kashi biyu: tambayoyi ga tsohon a cikin harshensa a kan abubuwan da ya saba da su, da kuma tattaunawa da ɗan'uwansa na kusa, a tambaye shi ko ya ga canji, da yaushe ya fara, da abin da tsohon yake iya yi da wanda yanzu ya gagare shi. Wannan kuwa ita ce hanyar muhaddisai, ko da yake ta wata ƙofa aka shigo mata. Sa'an nan Baiyewu da abokansa suka wallafa a 2005 wani gwaji da ba ya bukatar komai sai tsinken ashana 4: mai gwaji ya shirya su a wata siffa, tsoho ya kwaikwaya, har da inda kan ashanar ya fuskanta. A ganina wannan ya fi dacewa da ƙasarmu fiye da ko'ina, domin dattijon Zurmi da ya sauke Alƙur'ani, ya karanci Ahalari da Risala, yake rubuta wasiƙa da ajami, in aka tambaye shi shekara nawa ya yi a makaranta aka rubuta masa sifiri, an yi wa ilminsa ƙarya, an kuma gurɓata sakamakon gwajin.

Layin dogo da ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ta Funtuwa da Gusau, daga Zariya ya taso, kuma a Zariya ne aka kawo waɗannan ma'aunai cikin ƙasar Hausa. Dakta Abdulkareem Jika Yusuf na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da Baiyewu da Taiwo Lateef Sheikh da wani abokin aikinsu, suka gwada tsofaffi 322 a cikin gari, suka wallafa a 2011 cewa kashi 2.79 cikin ɗari suna da cutar; kashi biyu cikin uku irin ta Alzheimer, ragowar kuwa irin wadda toshewar jijiyoyin jini ke haifarwa, 'yar'uwar shanyewar ɓarin jiki. Adadin kaɗan ne, amma ya yi kusa da na Ibadan, kuma duk inda tsofaffi suka ƙaru masu cutar za su ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 57 ne suke da ita a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali.

Game da magani, gaskiya ita ce har yau babu mai warkarwa. Donefezil da aka amince da shi a Amurka a 1996, da memantin a 2003, suna sassauta alamomi na ɗan lokaci. Lekanemab na 2023 yana share amiloyid, ya rage saurin lalacewa da kimanin kashi 27 cikin ɗari a wata 18, amma a farkon magani ta jijiya ake ɗura shi duk mako biyu, ana bin sa da hoton ƙwaƙwalwa don tsoron kumburi da zubar jini, kuma a 2023 an sa kuɗinsa dala 26,500 a shekara. Abin da ya fi kusa da hannun talaka shi ne rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2024, ƙarƙashin Gill Livingston, wanda ya lissafa sababai 14 da in an kau da su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar. A cikinsu akwai hawan jini, da ciwon suga, da taba, da kurumta, da raunin gani irin na yanar ido, da bugun kai, da ciwon damuwa, da kaɗaici. Akwai kuma ruɗewar da ba wannan cuta ba ce sam, wadda zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko ƙarancin sinadarin B12 ke kawowa. Wadda ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu ko uku, asibiti take bukata a ranar, kuma sau da yawa takan wuce.

Sai dai halin da arewacin Zamfara ke ciki ya taɓa ainihin tushen da wannan ilmi ya tsaya a kai. Mai gigin tsufa da abin da ya saba yake rayuwa: hanyar masallaci, inuwar da yake zama, muryar maƙwabci, Alhamis ɗin kasuwar Shinkafi da yake lissafa kwanaki da ita, wadda aka rufe tare da sauran kasuwannin mako a 2021 saboda 'yan bindiga. In aka tashi ƙauye da dare aka sauke shi a ajin makaranta ko kangon wani a cikin gari, ruɗewarsa takan ninku, ɗan da zai ba da shaidar yadda yake a da kuwa wataƙila yana Gusau ko Kano ko ya ƙetara Maraɗi. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa suna nesa, a Kware ta Sakkwato da Barnawa ta Kaduna da Shika ta Zariya, hanyar kuma ba kullum take biyuwa ba. Amma ma'aikacin lafiya na matakin farko, wanda ke da abin awon jini a jakarsa, yana iya auna tsohon, ya leƙa kunnensa da idonsa, ya nemi wanda suka baro ƙauye ɗaya ya tambaye shi ko tun kafin gudun hijira aka fara ganin mantuwar ko bayansa, domin a kan amsar ne za a san ko cuta ce mai tafiya a hankali, ko firgici da yunwa da rashin barci ne da suke da magani.