Ganuwar Kano da Ranar da Igwa Ta Iso

A safiyar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Kanar Morland ta tsaya a gaban ganuwar Kano da igwa huɗu da bindigogi masu ruwa. Suka saita igwa, suka yi ta harbi, amma jar ƙasar nan ta riƙa haɗiye harsasai. Da suka ga ba ci gaba, sai suka zagaya ta yamma, suka fasa ƙyauren Ƙofar Kabuga, suka kutsa. Kafin rana ta faɗi birnin yana hannunsu. Tun daga lokacin ake kafa hujja da wannan rana cewa zamanin ganuwa ya wuce. Sai dai wanda ya bi tarihinta zai ga maganar ba ta tsaya nan ba.

Kundin tarihin sarakunan Kano ya danganta soma ginin ga Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ɗansa Tsaraki kuma ya kammala. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Da ƙasa aka yi ta, gindinta da kauri, kanta na tsukewa. A waje akwai gwalalo da sarƙaƙiyar ƙaya, a ciki kuma akwai tudun da maharba ke tsayawa. An shigar da ƙofofin ciki, ta yadda duk mai son kai wa ga ƙyaure sai ya ratsa tsakanin kibau ta dama da hagu. Da yake damina na zaizaye ta, gyaranta ya zama aikin gayya na shekara-shekara, wanda ke bukatar sarki mai iya tara jama'a.

Babbar hikimar maginan ita ce abin da suka zaɓa su kewaye. Ganuwar ta haɗa da Dala da Goron Dutse, da rijiyoyi da kududdufai, da filayen noma masu faɗi. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da babban ɓangare na cikin birni gonaki ne da fili. Wannan fili na mutanen karkara ne: idan mahara suka taso, talakawa su kwaso iyali da dabbobi da hatsi su shigo. Rundunar wancan zamani ta dogara da doki, doki kuwa ba ya hawa bango, kuma mayaƙa manoma ne da za su so komawa gida da faɗuwar ruwa. Aikin ganuwa shi ne ta jinkirta abokin gaba har guzurinsa ya ƙare.

Ko a wancan lokaci ba ta hana Kano faɗuwa ba. Kwararrafa sun shiga birnin a ƙarni na 17. A zamanin jihadi, a filin Ɗan Yaya aka karya rundunar Sarki Alwali, birnin kuma ya bi baya. A Yaƙin Basasa ma Yusufawa sun karɓe shi a 1894, domin gidan sarauta ya rabu biyu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka aka yi a 1903. Sarki Alu yana Sakkwato tare da manyan mayaƙansa da dawakai, aka bar tsaron gari a hannun Sarkin Shanu. Babu rundunar da za ta fito ta far wa masu igwa ta baya. Sarkin Shanu ya mutu yana faɗa a gidan sarki, Waziri Ahmadu kuma ya faɗi a Kwatarkwashi kafin watan ya ƙare.

Dabarar ba ta mutu da Kabuga ba. A Borno, sojoji sun haƙa ramuka sun kewaye garuruwa irin su Bama da Monguno, kuma ramukan sun rage wa motocin Boko Haram hanyar afkawa cikin gari. Amma gonaki suna waje. Mai son ci sai ya tsallake rami, ya fita inda kariya ba ta kai ba. A Nuwamban 2020 aka yi wa manoman shinkafa daga Zabarmari kisan gilla a gonakin Koshebe, ba nisa da Maiduguri.

Masu tsara tsaro a yau na da tambayoyi biyu da Kanawan da suka yi wa kansu: me aka kewaye, kuma wa zai kawo ɗauki idan an tsare ƙofa? Gijimasu da magadansa sun amsa ta farko da gona da rijiya. Ta biyun ce ta rasa amsa a ranar da Morland ya iso.