Asalin Laƙabin Ubannin da Suka Kafa Amurka

George Washington da Thomas Jefferson sun daɗe a kabari kafin a raɗa musu sunan da duniya ta san su da shi a yau. A ƙarni na 19, Amurkawa kan ce "ubanni" ko "magabata" kawai. Laƙabin "Founding Fathers", wato ubannin da suka kafa ƙasa, ya yi tashe ne daga bakin Warren G. Harding, sanata daga jihar Ohio, a jawabinsa na babban taron jam'iyyar Republican a Chicago a 1916, shekara 140 bayan ayyana 'yancin kai. Ya maimaita shi ranar da aka rantsar da shi shugaban ƙasa a 1921, daga nan 'yan jarida da malaman makaranta suka ɗauka.

Babu wata doka da ta ce su wane ne ubannin. Wasu na nufin mutum 56 da suka sa hannu a takardar 'yanci ta 1776, wasu kuma wakilai 55 da suka halarci taron tsarin mulki a Philadelphia a 1787. A 1973 masanin tarihi Richard B. Morris ya tsamo bakwai: Washington, Jefferson, John Adams, Benjamin Franklin, Alexander Hamilton, John Jay da James Madison.

Abin da ke damuna shi ne, da zarar an kira mutum uba, gardama da shi ta zama rashin kunya, kuma sai a ɗauka bakin ubannin ɗaya ne. Alhali kuwa Adams da Jefferson sun ɓata kan zaɓen 1800, suka yi shekaru ba sa rubuta wa juna ko wasiƙa sai a 1812. Aaron Burr, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya harbe Hamilton a 1804. Jefferson, wanda ya rubuta cewa mutane duk daidai aka halicce su, ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa, tsarin mulkin 1787 kuma ya ƙidaya bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujerun majalisa.

Har yau alƙalan kotun ƙoli na jayayya kan abin da ubannin suka nufa da 'yancin riƙe bindiga, kowane ɓangare na kafa hujja da su. 'Yar jarida Cokie Roberts ta fitar da littafi a 2004 kan matan wancan zamani, irin su Abigail Adams, waɗanda laƙabin Harding ya bari a waje.