Gasar Harshen Jamusanci ta Ɗaliban Sakandare: Tsarinta da Hanyar Kaiwa Gare Ta

Duk bayan shekara biyu, ɗaliban sakandare fiye da 100 daga ƙasashe sama da 50 kan hallara a ɗaya daga cikin biranen Jamus domin fafatawa a gasar harshen Jamusanci mafi girma a duniya, wadda aka fi sani da IDO. Cibiyar Goethe, wadda ke yaɗa harshe da al'adun Jamus a ƙasashen waje, ita ce ke shirya gasar tare da Ƙungiyar Malaman Jamusanci ta Duniya.

Ga ɗalibin da ke karatu a Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, wannan gasa na iya zama kamar labarin wata duniya. Sai dai matakan shiga cikinta a bayyane suke, kuma dukkansu suna farawa ne daga abu guda: aji da malamin da ya iya harshen.

Yadda ake gudanar da gasar

An yi gasar a Dresden a 2008, da Hamburg a 2010, da Frankfurt a 2012 da 2014, da Berlin a 2016, sannan Freiburg a 2018. A 2020 annobar korona ta sa aka gudanar da ita ta intanet. Daga nan ta koma Hamburg a 2022, sai Göttingen a 2024.

Masu shiga gasar matasa ne 'yan shekara 14 zuwa 17 waɗanda suka koyi Jamusanci a matsayin baƙon harshe. Kowace ƙasa kan fara yin tata gasar ta cikin gida, ta fitar da zakaru biyu da za su wakilce ta. Malami kan raka su, shi ma ya halarci bitar ƙara wa juna sani yayin da ɗalibai ke fafatawa.

Ana raba ɗaliban ne gwargwadon ƙwarewarsu, bisa ma'aunin harsuna na Turai mai matakai shida: A1 da A2 na masu farawa, B1 da B2 na masu iya tafiyar da harkokinsu da harshen, sai C1 da C2 na waɗanda suka goge. Wannan ne ya sa yaron da bai daɗe da fara koyo ba ke karawa da sa'o'insa a ilimi, ba da wanda ya shekara takwas yana karatu ba.

Alƙalan gasar ba nahawu kaɗai suke dubawa ba. Ɗalibi kan yi aiki shi kaɗai, sannan a haɗa shi cikin rukuni da yara daga wasu ƙasashe, su tsara wani batu su gabatar da shi a gaban jama'a. Tunda Jamusanci ne kawai harshen da ya haɗa su, a nan ake gane wanda ya iya sauraro, da jan hankali, da aiki da baƙin da al'adarsu ta bambanta da tasa.

Tsanin da ke kai ɗalibi can

Babbar ƙofar da makarantu ke bi ita ce shirin PASCH, wanda ma'aikatar harkokin wajen Jamus ta ƙaddamar a 2008, lokacin Frank-Walter Steinmeier yana minista. Shirin ya haɗa makarantu kusan 2,000 a faɗin duniya, yana tallafa musu da littattafai, da horar da malamai, da guraben kwasa-kwasan hutu ga ɗalibai masu ƙwazo.

Akwai kuma jarrabawar matasa ta Cibiyar Goethe mai suna Fit in Deutsch, wadda ke auna matakan A1 da A2 ta fuska huɗu: sauraro, karatu, rubutu da magana. Wani shirin daban, wanda hukumar musayar ɗalibai ta ministocin ilimin jihohin Jamus ke gudanarwa tun 1959, yana bai wa ɗaliban da suka yi fice a ƙasashensu damar yin mako huɗu a Jamus, ciki har da zama a gidan wasu iyalai da halartar makaranta tare da 'ya'yansu.

Matsayin Jamusanci a Najeriya

An kafa Cibiyar Goethe a 1951, hedikwatarta na Munich, kuma ta buɗe reshenta na Legas a 1962. A matakin jami'a, ana karantar da Jamusanci a Jami'ar Ibadan, da Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da Jami'ar Najeriya da ke Nsukka. Malaman harshen suna da ƙungiyarsu ta ƙasa mai suna NATOG.

A makarantun sakandare kuwa, Faransanci da Larabci ne suka daɗe da samun gurbi a manhajar ilimi ta ƙasa. Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry da na Larabci a Ngala ta Jihar Borno, kuma a 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu. Jamusanci bai samu irin wannan gata ba, shi ya sa koyar da shi ya fi yawa a makarantu masu zaman kansu da cibiyoyin harsuna na manyan birane.

Lamarin ya sha bamban a Kamaru, wadda Jamus ta mulka daga 1884 zuwa 1916, da kuma Kodebuwa, inda Jamusanci ke cikin harsunan da ɗalibi kan zaɓa a makarantun gwamnati. Ƙidayar da hukumomin Jamus suka fitar a 2020 ta nuna cewa mutum miliyan 15.4 ne ke koyon harshen a duniya, akasarinsu a makarantun firamare da sakandare.

Tsohuwar alaƙa da ƙasar Hausa

Jamusawa sun riga mutanen wannan yanki koyon harshen juna. Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma ziyarci Katsina da Sakkwato. James Frederick Schön ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, da taimakon Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Turai. Adam Mischlich ya fitar da ƙamusun Hausa da Jamusanci a 1906.

Ƙasar da ta zama Jihar Nasarawa a 1996 ita ma tana cikin wannan tarihi. Gerhard Rohlfs ya bi ta Keffi a 1867 a kan hanyarsa daga Borno zuwa Legas. A 1885 Paul Staudinger ya taso daga Loko, a bakin Kogin Binuwai, ya ratsa Nasarawa da Keffi zuwa Zariya da Kano da Sakkwato, daga baya ya rubuta littafi kan abin da ya gani. A zamanin nan kuma, gidan rediyon Deutsche Welle yana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, jami'o'i irin su Hamburg da Frankfurt kuma suna koyar da Hausa.

Abin da ɗalibi zai samu

Amfanin gasar bai tsaya kan lambar yabo ba. Jamusanci harshen hukuma ne a Jamus da Ostiriya da Suwizalan da Beljiyam da Luksambag da Liechtenstein, kuma shi ne ya fi yawan masu jin sa a matsayin harshen uwa a Tarayyar Turai. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin koyarwa, amma akasarin kwasa-kwasan digiri na farko da Jamusanci ake yin su. Mai neman gurbin koyon sana'a a can yawanci ana buƙatar ya kai matakin B1, ma'aikacin jinya kuwa B2.

Wanda ya fara tun yana sakandare ya rage wa kansa wahala da kuɗi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya bari sai ya gama makaranta, sau da yawa sai ya bar garinsu ya biya kuɗin kwas a Abuja ko Legas.

Saboda haka makarantar da ke son ɗalibanta su shiga sahu, a Lafiya take ko Akwanga ko Keffi, aikinta na farko shi ne samun malami mai shaidar ƙwarewa, da ware wa darasin lokaci a jadawalin mako. Na biyu shi ne tuntuɓar Cibiyar Goethe da ƙungiyar malamai domin sanin sharuɗɗan gasar cikin gida da lokacinta. Daga nan sai shirya ɗalibai su zauna jarrabawar A1 da A2, wadda ita ce shaidar farko da ke nuna yaro ya kama hanya.